Tagar Ɗakin Inna

Dalhatu ya dawo Bungudu daga karatu a Ingila, ya tarar da ɗakin mahaifiyarsa duhu dunɗum da rana tsaka.

"Gobe za a huda miki taga ta gabas, Inna."

"Bar mini ɗakina, ɗan nan."

Bai bari ba. Magini ya ce bangon gabas ba zai ɗauka ba, sai aka huda yamma, aka rufe da farin yadin alawayyo. Da la'asar ɗakin ya cika da haske mai daɗin ido.

Inna ta dawo daga wuni gidan ƙanwarta. Ta shigo tana laluben hanya da hannu, ta fuskanci gabas, inda babu komai sai bangon laka.

"Kai, madalla," in ji ta. "Dubi yadda haske ke shigowa!"