Gumin Da Ba a Goge Ba

Saura minti uku a tashi, ana ɗaya da ɗaya, ta ajiye masa kofin shayi a gefen kujerarsa. Ko kallon kofin bai yi ba. Idonsa na kan talabijin, inda 'yan ƙasarsu ke fafatawa da maƙwabta a wasan ƙarshe na ƙwallon cikin zaure, irin ta mutum biyar-biyar da ake bugawa a kan daɓen katako.

Kafin aure ba ta san komai a ƙwallo ba. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yanzu ta san agogon wasan nan tsayawa yake duk sanda ƙwallo ta fita, shi ya sa minti uku kan yi mata tsawon wuni.

Inna, uwar mijin, na ninke wanki a ƙasa. Ta ce ita dai ba ta ga abin da ƙatti goma ke nema a fili kamar falon mai kuɗi ba. Ba wanda ya yi dariya, har ita. Ta dubi agogon talabijin, ta kwashi kayan tun ba ta gama ba, ta fice ta ja labule.

Wani mai tsaron bayan maƙwabta ya faɗi dab da ragarsu. Da ya tashi, shatin bayansa ya rage a katakon, gumi ne yana ƙyalli. Mai goge fili ya miƙe da tsummansa a bakin sanda, amma alƙalin wasa bai waiwaya ba, ya busa a ci gaba. Mutumin ya koma ya zauna.

"Kin gani?" in ji maigidan. "Ba su goge ba."

"Na gani, Yaya."

'Yan ƙasarsu suka sako mai lamba bakwai. Mai sharhi ya ce duk gasar babu mai gudunsa, kuma ango ne, wata biyu da aure, yau sai ya kai wa amarya zinare. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen zanenta.

Ƙwallo ta zo ƙafarsa a tsakiyar fili. Ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu. Zaure ya ɗauki ihu. Maigidan ya damƙe hannun kujera har jijiyoyinsa suka fito.

"Ba da ita," ya ce a hankali. "Ga mutum a hagu. Don Allah ba da ita."

Ita ma leɓenta na motsi. Da hannu na shiga gilashin talabijin, da ta miƙa ɗankwalinta ta share wurin nan. Taku huɗu, taku uku. Bakwai bai ba da ita ba. Ya hango raga, bai ga ƙasa ba.

Ƙafar ta zame. Bayansa ya daki ƙarfen raga, ƙarar ta fito har cikin ɗakinsu. Ƙwallon ta gangara waje ita kaɗai, agogo ya tsaya, zauren ya yi tsit. Mai goge fili ne ya fara isa wurin, da tsummansa.

Shayin ya huce. Ta ɗauke kofin, ta durƙusa ta gyara masa bargon da ya zame daga gwiwoyinsa bai sani ba. Ta so ta ce ya isa haka na yau, sai kawai ta ɗauko rimot, kamar jiya, kamar bara.

"Mayar min da faifan baya," ya ce. "Daidai inda zan shiga fili."