Bangon Kakan Wani

"Kango? Sake faɗa in ji da kyau!" in ji tsohuwar, ta ture wayar da ɗanta ya miƙo mata.

Kwana goma ya yi a ƙasar Peru yana yawon buɗe ido. Tun da ya dawo Fagge ba ta jin komai sai labarin wani tsohon gari a kan dutse, wanda ya hau har numfashi ya nemi gagararsa. Ya nuna mata hotuna: bangaye ba rufi, ciyawa, da wata dabba kamar raƙumin da aka hana tozo. Har cewa ya yi ƙwalla ta zubo masa, ganin yadda mutanen can suka riƙe ginin kakanninsu.

Yau kuma da bakin nan nasa ya kira gidanta kango. Wai a rushe a yi sito, 'yan Kwari suna neman wurin ajiye dilolin atamfa, ita kuma a kai ta wani bene a Sabon Gari.

Ta gyara zama a kan tabarmarta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu, Alhajin Peru. Ka haye teku ka yi wa bangon kakan wani kuka. Na kakanka, da rufinsa, da uwarka a ciki, shi za ka turo wa katafila. Yi haƙuri in mutu rufin ya rufta. Sai ka zo ka ɗauki hoto."