Surukar Asibi Mai Kunya

Asibi ta shimfiɗa atamfar a kan gado ta ja da baya tana kallo. Sai da ta zagaye kasuwar Adawlato kaf kafin ta samu wadda ta dace da surukarta.

Ba ta taɓa ganin yarinyar ba. Tun da ɗanta na fari, Munir, ya tafi Ingila, lambar waya ɗaya ya turo, daga nan shiru. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ta kira, kullum kuma mace ce ke ɗauka, da murya mai daɗi, ta yi Turanci ta ƙare da "hold on". Sai kiɗa ya biyo baya.

Faransancin kasuwa Asibi ke ji, ba ta jin Turanci. Ta riƙe kalmomin biyu a baki har gidan Radiyya, maƙwabciyarta da ta tashi a Kumasi.

"Cewa ake ki dakata, kada ki kashe," in ji Radiyya. "Wa ya faɗa miki?"

"Wata ce," Asibi ta ce, tana murmushi.

To, ashe yaron aure ya yi, kunya ta hana shi faɗa. Ita kuma Asibi ba ta iya kama sunan ɗan fari, balle ta ce a ba shi waya. Sai ta yi sallama, ta tambayi mai gidan, ta dakata yadda aka ce, har layin ya yanke. Yarinyar ba ta taɓa amsa gaisuwar ba. Asibi ba ta ji haushi ba, ai suruka ta gari ba ta sakin baki gaban uwar miji. Ga ladabi, ko sau ɗaya muryarta ba ta canza ba, ko mura ba ta yi.

Yau dai dole a san inda za a aika atamfar. Ta kirawo Radiyya ɗakin, ta buga lambar, ta miƙa mata wayar.

"Ki ce uwarsa ce. Ki tambaye ta ko yana cin abinci."

Radiyya ta saurara. Ta kashe, ta sake kira, ta sake saurara. Ta dubi atamfar, ta dubi Asibi.

"Me ta ce? Kunya take ji ko?"

"Yaya Asibi," Radiyya ta ce a hankali, "ba mutum ba ce. Na'urar wani kamfani ce."