Jirgi Na Huɗu

"Shekara ashirin ƙawancen sojan nan yana tsare duniya, ba mu rasa ɗan Kanada ko ɗaya a fagen fama ba," in ji janar a taron tunawa da sojoji. Muka tafa. Gaskiya ya faɗa. Matuƙan jiragenmu da aka tura Jamus, a atisaye suka mutu, cikin zaman lafiya.

Matar da ke gefena ba ta tafa ba. Matan barikin sojan sama suna ƙirga jirage da kunne daga kicin, in sun tashi da in sun dawo. Wata safiya ta ƙirga huɗu, uku suka sauka, babu na mijinta.

"Ɗaga kai mana, Madam," in ji wani tsohon soja. "Don ku ake wannan hayaniyar."

Jirage huɗu suka taso a jere. Daidai kanmu ɗaya ya ware ya yi sama, yadda ake karrama mamata. Ukun suka wuce da giɓi.

Aka watse zuwa shan kofi. Na ce ta zo mu shiga, sanyi ya yi yawa.

"Je ka, Malam," ta ce. "Sai na ji ya sauka."