Fulofi a Gonar Masanawa

"Yaya, ɗan abin nan ya haɗiye abin da ke cikin fulofi tamanin," in ji ƙanen Alhaji, ya ajiye shi a kan tabarma, tsakiyar 'yan kasuwar da suka taru a zaure.

Bai fi babban yatsa ba. Filash sunansa, a cusa a kwamfuta a zare. Nan take aka fara zancen haɗa jari a sayo. Alhaji kuwa shayinsa ya huce a hannunsa.

Sati uku ke nan da ya sayar da gonar gadonsa ta Masanawa, ya cika shago a Gwarzo da kwalayen fulofi, wato faya-fayen ajiye bayanan kwamfuta, don an ce masa sabbin kotunan shari'a a kansu za su riƙa adana takardu.

"To, nawa kayan fa?" ya tambaya a hankali.

"Sai haƙuri, Yaya."

Bayan shekara biyu ya sallama wa wani dillali su, bai ko tambayi inda za a kai su ba.

Ranar da ya je Masanawa ta'aziyya, ya hangi ƙyalli a saman geron gonar da ya sayar. Ya tsayar da babur. Fulofi ne ɗaruruwa, an zarge su a igiya, ƙarfen bakinsu na walƙiya a rana.

Sabon mai gonar ya taso da fara'a. "Alhaji, bana ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Allah ya saka wa wanda ya ƙera abin nan."