Rumfar da Jaki Ya Ƙi Shiga

Kai da kake cewa duk tsoron tsofaffi camfi ne, gyara zama ka ji. An yi wani mai dakon ƙasar gini, abin da ya mallaka a duniya jaki ne guda, da shi yake ci da iyalinsa. Ya tare a wani tsohon gida, damina ta ƙarato, sai ya ce bari ya kafa wa jakin rumfa a jikin katangar baya, tunda bango ya ɗauke masa rabin aiki. Wurin kuwa da ban al'ajabi. Tsakiyar rani, ko'ina ya bushe ƙamas, amma gindin bangon nan ciyawa shar, kuma akuyar da ba ta barin ko tsumma ba ta taɓa kai mata baki ba. Kaji ma kewayewa suke yi. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, tun ina amarya ban ga an jingina ko tabarma a nan ba." Ya ce, "Saboda me, Iya?" Ta ce ita ma haka ta tarar. Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

Ya huda bango ya zura azara, ya shiga haƙa ramin dirka. Yana cikin haƙa na biyu, dagi ya suɓuce masa ya shige ƙasa, bai ko ji saukarsa ba. Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin ta bugi fuskarsa. Wallahi ya tsorata. Amma ka san ɗan Adam da taurin kai! Ya ce gidan gara ne, ya toshe da dutse, ya matsar da dirkar gefe, ya rufa rumfar da kara. Jaki ya toge a bakin rumfa, kunnuwa a miƙe, jiki na rawa. Sai da ya sha sanda ya shiga, aka ɗaure igiyarsa a jikin azara.

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Da aka ɗauke, mutumin ya zagaya bayan gida wajen rumfar. Rumfa tana nan, ko kara ɗaya bai zame ba. Jaki ne babu. Igiya kawai ya gani ta miƙe daga azara zuwa cikin wani baƙin rami, tana ɗan motsi. Ya ja, ya ji nauyi. Ya sake ja, ta taho sakayau. Ashe tsohuwar rijiya ce aka rufe da itace aka bi da ƙasa, tun zamanin da ba mai tunawa. Ya durƙusa a bakinta, ga sandar da ya kora jakin da ita jingine a bango.

Ruwa dai ba ya tsami banza.