Kwas Ɗin da Ta Haɗa da Kanta

Ana hutun azahar a wani sito a Riyad inda yake aiki, abokin aikinsa ya miƙo masa waya. "Wannan ba 'yarka ba ce?"

Ita ce kuwa, a bidiyo, tsaye gaban malaman jami'arsu. Shekara huɗu tana ce masa kwas ɗinta babu mai irinsa, ita ta haɗa abinta: tarihi, shari'a da halayyar ɗan Adam. In ya tambayi a kan me, sai ta ce, "Bari na gama, Baba."

A bidiyon, ta danna na'ura. Muryarsa ta cika zauren, saƙon da ya tura mata ranar da kafil, mai kamfanin, ya mare shi. Ba ta yanke komai ba, har shessheƙar, har inda ya ce, "Ke kaɗai na gaya wa."

Aka ɗau tafi.